Gidan tarihin da ya bi mai shi kushewa

A cikin watan Satumba na shekara ta 2024 ne kamfanin gwanjo na Christie's ya kammala sayar da wani kaso na kayan da marigayi Paul Allen ya tara a rayuwarsa. Babbar kwamfutar nan Cray-1 ta tashi a kan kuɗi sama da dala miliyan 1, wata Apple-1 kuma a kan dala 945,000. Jaridu sun yi ta yayata farashi kamar ana bikin cin kasuwa. Abin da ya kamata a yi wa juyayi kuwa shi ne yadda aka wargaza gidan Living Computers na birnin Siyatil a Amurka, ɗaya daga cikin ƴan wuraren da ɗalibi zai iya zama gaban injin da ya girmi mahaifinsa, ya kunna shi, ya ba shi umarni, injin ya amsa.

Paul Allen shi ne abokin Bill Gates da suka kafa Microsoft tare a 1975. Ya buɗe wa jama'a wannan gida a 2012, bisa wata manufa da ta bambanta shi da sauran gidajen tarihi: injunan da ke ciki su kasance suna aiki, ba a jibge bayan gilashi ba. Ya ɗauki injiniyoyi, suka shafe shekaru suna farfaɗo da manyan injuna irin PDP-10 da CDC 6500, har ta kai mutum yana iya shiga wasunsu ta intanet daga ko'ina a duniya. Allen ya rasu a watan Oktoba na 2018 yana da shekara 65. A watan Maris na 2020 aka rufe gidan saboda annobar korona, daga baya aka sallami ma'aikata, a watan Yuni na 2024 kuma masu kula da gadonsa suka sanar cewa ba za a sake buɗewa ba. Tsakanin mutuwar mai gida da mutuwar gidan, ko shekara shida ba a cika ba.

Masu kare abin da ya faru suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Suna cewa dukiyarsa ce, shi ya nema, kuma tun 2010 ya yi alƙawarin bayar da mafi yawanta sadaka. Kuɗin gwanjon ma ayyukan alheri aka ce za su tafi. To amma fa mutumin da ya bar dukiya ta kimanin dala miliyar 20, shin ayyukan alherinsa kuɗin tsofaffin injuna suke jira? Abin da gwanjon ya kawo ɗigo ne a cikin kogi, abin da ya ɓata kuwa kuɗi ba sa sake haɗa shi. Daɗin daɗawa, ranar da mutum ya rataya wa taskarsa suna gidan tarihi, ya kira makarantu, masana suka ba da lokacinsu da iliminsu, ya ɗaura alƙawari da jama'a ko da bai sa hannu a takarda ba. Mutane sun ɗauka kyauta aka ba su, ashe aro ne, zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Ba daidai ba ne a ɗora wa magada laifin duka. Mai zartar da wasiyya abin da ya tarar a rubuce yake bi. Tushen ɓarnar yana ga mai tarawa, wanda ya bar injunan cikin jerin dukiyarsa har mutuwa ta same shi, suka zama kayan gado kamar jirgin ruwansa da zane-zanen da ke bangon gidansa. Kuma ba rashin sanin hanya ba ne. Gidan tarihin kiɗa da ya kafa a Siyatil a 2000, wanda yau ake kira MoPOP, yana tsaye da ƙafarsa a matsayin ƙungiya mai zaman kanta. Cibiyar binciken ƙwaƙwalwa da ya kafa a 2003 ita ma tana nan tana aiki. Abin da ya fitar daga hannunsa tun yana raye ya rayu, abin da ya riƙe ya watse. Masu ilimin fiƙihu sun daɗe da sanin wannan hikima a babin hubusi: abin da ake so ya daɗe, ana cire shi daga mallakar mutum ɗaya, a hana sayar da shi da gadonsa, a tanadar masa abin da zai ciyar da shi.

Akwai hujja ta biyu, wadda ta fi yaɗuwa a bakin matasa. Ana cewa tsohon inji tarin ƙarfe ne mai cin wuta da wuri, alhali wayar hannu ta yau ta fi Cray-1 sauri, kuma akwai manhajojin da ke kwaikwayon kowane tsohon inji. Gaskiya ne kwaikwayo yana da amfani. Shi kansa Allen ta wannan dabara ya bi a 1975, sa'ad da ya sa PDP-10 ta kwaikwayi ƙwaƙwalwar injin Altair domin a rubuta masa harshen BASIC. Sai dai mai rubuta manhajar kwaikwayo da wane ma'auni zai gane ya yi daidai, idan asalin injin ya shige ɗakin wani attajiri? Kuma manhaja ba ta karanta faifan maganaɗisu ko kati mai huji. Sai da na'urar da aka ƙera dominsu. Babbar asarar ma ba ta ƙarfe ba ce. Injin da ya haura shekara hamsin ba ya aiki sai da hannun wanda ya san ciwonsa, ya san inda ake samun kayan gyaransa. Ranar da aka sallami injiniyoyin nan, ilimin da ke kansu ya fita ƙofa tare da su. Ƙungiyar masu aikin sa kai ta SDF ta ceto hidimar shiga wasu injunan ta intanet, wani gidan tarihi a jihar Jojiya kuma ya karɓi wani kaso na kayan. Sun cancanci yabo, amma tsintar abin da ya zube suke yi.

A dubi Ingila a ga bambanci. A Bletchley Park, injiniya Tony Sale ya jagoranci sake gina Colossus, injin da aka yi amfani da shi wajen warware saƙonnin sirri na sojojin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu. Aikin ya ci shekaru fiye da goma. Sale ba attajiri ba ne, amma shi da abokansa sun kafa gidan tarihi a 2007 ƙarƙashin ƙungiya mai kwamitin amintattu da masu aikin sa kai. Ya rasu a 2011, Colossus kuwa bai tsaya ba. Shekara guda bayan rasuwarsa ma gidan ya sake tayar da injin Harwell Dekatron na 1951. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da hannun mai miliyoyi ne.

Malamai ne ya fi dacewa wannan labari ya dama. Allen ya fara taɓa kwamfuta a 1968 a makarantar Lakeside, saboda ƙungiyar iyaye mata ta sayar da tsofaffin kaya ta biya wa ɗalibai kuɗin amfani da inji. Ƙungiya ce ta buɗe masa ƙofa yana yaro, rashin ƙungiya kuma ya rufe ƙofar da ya buɗe wa yaran wasu.

Kada kuma a ɗauka maganar ta tsaya ga masu kuɗin Amurka. Litattafai, ƙamusu da darussan Hausa da aka buga a kwamfuta a shekarun 1990, da yawansu a kan disket aka adana su, da haruffa na musamman da aka ƙirƙira domin ƙ, ɗ, ɓ da ƴ kafin tsarin Unicode ya wadata. Idan aka buɗe irin wannan rubutu a sabon inji, sau da yawa haruffan nan rikiɗewa suke yi su koma wasu alamomi. Tsohuwar kwamfutar da ke shan ƙura a ɗakin wani malami tana iya zama mabuɗi na ƙarshe ga aikin shekaru, ranar rabon gado kuma ita ce farkon abin da za a miƙa wa masu sayen ƙarfe.

Saboda haka duk mai irin wannan taska, babba ko ƙarama, abu huɗu ke kansa tun yana da lafiya: ya rubuta jerin abin da ya mallaka da bayanin kowanne, ya kwafe abin da ke cikin faifai zuwa ma'adanar zamani, ya danƙa kayan a rubuce ga ƙungiya ko makarantar da ta yarda ta riƙe, sannan ya koya wa matasa biyu ko uku yadda ake sarrafa su. Ƙungiyoyin al'adu kuma su daina jiran ranar ta'aziyya kafin su tambayi inda kaya za su. Tun ran gini, tun ran zane.