Fom ɗin da bai san Sa'adu ba

Jama'a, duk wanda ya taɓa zama a shagon kwamfuta nan Mayo Gwoi lokacin cike fom ya san jan rubutun nan da ke fitowa ƙarƙashin gurbi, wai abin da ka rubuta bai yi ba. Sai ka ji ana zagin kwamfuta, alhali ba ruwanta, mutum ne ya gindaya mata sharaɗi.

Masu rubuta manhaja da harshen Java, tun 2009 da ƙa'idar Bean Validation ta fito, 'yar alama kawai suke liƙawa a saman kowane gurbi. @NotNull na nufin dole a sa wani abu, @Size na ƙayyade tsawo, @Pattern kuma na faɗin irin haruffan da aka yarda da su. Tsari irin su Spring sai ya duba da kansa kafin ya karɓa.

A wajen lamba, wallahi na yaba. NIN lamba 11 ce, BVN ma haka. In yatsa ya tsallake ɗaya, gara a tare ka nan take. Mahaifina ma ba ya jefa kuɗin ciniki a aljihu sai ya ƙirga.

To amma suna fa? Da yake layi ɗaya ne, sai mutum ya kwafo na wani a intanet, wanda ya yarda da A zuwa Z kaɗai, ya manna ya wuce. Shi ke nan Sa'adu da Mu'azu da A'isha sun zama kuskure saboda alhamza, Ɗanladi da Ƙasimu kuwa ba a ma magana. Mai shago layi na jiransa, sai ya cire alamar, ko ya raba sunan gida biyu. Gobe wani fom ɗin ya karɓa yadda yake, yaro ya tashi da suna iri biyu a takardu. Kuma tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, ka ga saɓanin suna ba abin wasa ba ne, wani sai ya kai ga takardar rantsuwa a kotu.

Abin haushin, gyaran bai fi minti biyar ba. A cikin @Pattern ana iya cewa a karɓi harafin kowane harshe, a ƙara alhamza. Kowace alama kuma tana da wurin rubuta saƙo, inda mai manhaja zai iya faɗa wa mutum da Hausa ainihin abin da zai gyara.