Mazan jiyanmu sun ƙetare teku, labarinsu bai ƙetaro ba

Wanda ya tashi a Gidan Rumji ko Tsibiri, babban ruwan da ya sani shi ne Gulbin Maraɗi in ya kawo da damina, sai kuwa tafkin Madarunfa ga wanda ƙafarsa ta kai can. Saboda haka mai karatu yana da haƙƙin tambaya: me ya haɗa Bagobiri da matuƙan jiragen yaƙi na teku, har za a ɓata tawada a kansu? Abin da ya haɗa su yaƙi ne guda, Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. Waɗancan an adana labarinsu har zuwa sunan mai dafa abinci a cikin jirgi, namu kuwa gara ce ke karanta takardunsu.

A cikin jiragen wancan yaƙi akwai wasu ƙanana na katako, tsawonsu bai wuce mita 24 ba, inji uku ke tura su, suna gudun da ya haura kilomita 70 a awa. Kowane yana ɗauke da nakiyar ruwa, wato torfido, wadda ake saki ta yi iyo ta je ta fasa cikin babban jirgin abokan gaba. Mutanen ciki ba su fi goma sha biyu zuwa sha huɗu ba, suna zaune a kan tankunan fetur, ba su da sulke sai duhun dare. Ɗaya daga cikinsu, mai lamba PT-109, shi ne wanda wani jirgin yaƙin Japan ya raba biyu a daren 2 ga Agusta 1943 a tsibiran Solomon. Mutum biyu suka mutu, goma sha ɗaya suka tsira, shugabansu kuwa wani matashin hafsa ne mai suna John Kennedy. Baƙaƙen fata biyu ƴan tsibirin, Biuku Gasa da Eroni Kumana, su suka same su cikin kwalekwale, suka ɗauki saƙon da aka kankara a ɓawon kwakwa suka kai wa rundunar Amurka. Da Kennedy ya zama shugaban ƙasa a 1961, ɓawon nan yana kan teburinsa. An rubuta littattafai, an yi fim a 1963, a 2002 kuma aka tura masu bincike ƙarƙashin teku neman tarkacen jirgin. Faransa ma tana da irin wannan ayari a gaɓar Ingila, inda Philippe, ɗan Janar de Gaulle, ya yi aiki, kuma ba a bar sunan jirgi ɗaya ya ɓace ba.

Ba hassada muke yi musu ba. Mutum goma sha uku a jirgin katako sun cancanci a tuna da su. Tambayarmu ita ce: ina dubban da aka kwasa daga ƙasashenmu, aka zuba su a cikin manyan jirage, suka ratsa ruwan da waɗannan nakiyoyi ke yawo a ciki?

Yadda aka kwashe su ba ɓoyayyen abu ba ne. Tun 1919 Faransa ta kafa dokar ɗibar soja ta tilas a yankunanta na Afirka ta Yamma, shekara uku kowane. Kumandan ya yanka wa kowane sarki adadinsa, sarki ya yanka wa masu gari, mai gari kuma ya san gidan da ba shi da mai tsaya masa. Ɗan talaka da ɗan bawa su suka fi tafiya. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa wasu gidaje ba su son a tono zancen. Wanda ya ji tsoron ɗiba da aikin tilas sai ya sulale ya ƙetara iyaka zuwa Sabon Birni ko Isa ko Jibiya, kuma a cikin masu ƙetarawar akwai waɗanda suka ƙare a rundunar Ingila, domin Hausa ce harshen bariki a can. Runduna ta 81 ta tashi a 1943, ta 82 a 1944, jirage suka kai su Indiya, daga nan sai dajin Bama. Ke nan zuriya ɗaya tana iya ba Faransa ɗa, ta ba Ingila wani.

Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi ƙarfin doki ba, a sa shi a cikin cikin jirgi mako da makonni, ba ya jin harshen matuƙa, bai iya iyo ba, an kuma shaida masa akwai abin da ke zuwa ta ƙasa ba a ganinsa. Wannan tsoro yana da tushe. Ranar 8 ga Yuni 1917, a yaƙin farko, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya harbi jirgin Sequana kusa da gaɓar Faransa, yana ɗauke da sojojin Afirka da ya kwaso daga Dakar. Cikin mutum 207 da suka halaka, 198 baƙaƙen soja ne. Ana kiransu duka ƴan Senegal, ko da mutum daga Mosi ya fito ko daga Gobir, kuma wannan suna na jimla shi ne bargon farko da aka lulluɓe su da shi.

Ranar 15 ga Agusta 1944 rundunar Janar de Lattre ta fara sauka a kudancin Faransa, akasarinta mutanen Afirka. A daren da ya gabata, irin waɗancan ƙananan jirage ne suka yi gaba cikin duhu. Kafin watan ya ƙare an karɓe Toulon da Marseille. Da sanyi ya kawo kai, sai aka janye baƙaƙen soja daga fagen fama, aka miƙa kayansu ga Turawa, don kada nasara ta shiga gida da baƙar fuska. Waɗanda suka yi zaman fursuna a hannun Jamus kuwa, jirgin Circassia ya maido wani rukuninsu Dakar a watan Nuwamba 1944. Da suka nemi albashinsu da aka riƙe, aka buɗe musu wuta a sansanin Thiaroye ranar 1 ga Disamba. Hukuma ta ce mutum 35. Masana tarihi suna ƙiyasta ɗaruruwa. Sai a Nuwamba 2024, bayan shekara tamanin, shugaban Faransa ya yarda ya kira abin kisan kiyashi.

Sauran zancen ma'aikata sun san shi, tun da zancen fansho ne. Dokar kuɗi ta Disamba 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojan ƙasashen da ke shirin samun ƴanci, na Bafaranshe yana hawa kowace shekara, na Banijare yana nan inda aka bar shi. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, aka ba shi gaskiya a 2001, ya riga ya rasu. Ba a daidaita kuɗin gaba ɗaya ba sai 2011. Biyan bashi bayan an binne mai bashi, kowane ɗan kasuwa ya san sunansa.

Akwai masu cewa, kuma yawansu ya ƙaru tun da sojan Faransa suka bar ƙasar nan a Disamba 2023, wai waɗannan bayin Nasara ne, labarinsu na Nasara ne, a bar shi ya tafi tare da shi. Wannan magana tana da daɗin faɗi a taro, amma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Wanda aka ɗaure da igiya aka kai shi bariki ba shi ya zaɓi tutar ba. Kuma in mun bar zancen, bakin Faransa kaɗai zai rage, ita za ta faɗi adadin, ita za ta faɗi dalili, kamar yadda ta yi da Thiaroye tsawon shekara tamanin. A Oktoba 2024 an sauya sunan titin de Gaulle na Yamai ya koma na Djibo Bakary, kuma ba mu da ja a kan haka. Sai dai sauya allo aikin wuni ɗaya ne. Allon bai san sunan ko mutum ɗaya daga Cadakori ko Sae Sabuwa da ya hau jirgi a 1943 ba.

Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara ashirin a 1944 ya haura ɗari a yau, don haka bakin farko ya kusa rufewa ko ya rufe. Amma baki na biyu yana nan: matan da suka aura bayan dawowa, waɗanda da yawa sun girme su nesa, da ƴaƴan da suka ji labarin teku a gindin wuta. Akwai kuma adaka a ƙuryar ɗaki, da littafin soja a ciki mai ɗauke da lamba da runduna da ranar hawa jirgi da tashar da aka sauka, da lambar yabo wadda ta yi tsatsa. Da wannan lamba ake bin sawun mutum a rumbunan takardun soja, da ita kuma matar mamaci ke iya neman a duba ko tana da haƙƙi a kan fanshon mijinta.

Aikin bai fi ƙarfin gunduma ba. Kowane malamin makaranta yana da waya mai ɗaukar murya da hoto. Magadan gari da sarakuna su sanar a masallatai da ranakun kasuwa cewa duk gidan da ke da littafin soja ya kawo a ɗauki hotonsa a maida masa abinsa nan take, domin talaka ya daɗe da koyon kada ya saki takarda a ofis. A ɗauki maganar cikin Hausar Gobir yadda ta fito, tun da Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, a ajiye kwafi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, wani a cibiyar adana tarihin baka ta CELHTO a Yamai. Alhazan Maraɗi, waɗanda arzikinsu ya tashi daga gyaɗa ya kai ga kwantenonin tashar Kutonu da Lome, sun fi kowa sanin darajar jirgin ruwa a garin da ba shi da teku. Kuɗin man babur da na ɗaliban da za su zaga Gidan Rumji da Agye da Gazawa rani ɗaya bai kai abin da ɗayansu ke kashewa a bikin ɗiya ba.