Keke mai giya a rufe: mai uku ya wadatar

Duk mai hawan keke a Maraɗi ko Yamai ya san ɓarnar da rairayi ke yi wa giyar da ke waje. Yana cakuɗewa da mai, ya riƙa cin haƙora da sarƙa har giyar ta daina shiga. Shi ya sa keken da giyarsa ke rufe a tsakiyar ƙafar baya ya fi dacewa da ɗan makaranta ko ma'aikaci. Ƙura ba ta saurin kai mata, ko keken ya faɗi ba abin da zai lanƙwashe, kuma ana sauya ta ko a tsaye.

Kuskuren yana wajen zaɓi, musamman ga ƴan uwa da ke Beljiyam ko Jamus masu aiko keke gida. Shimano Nexus akwai mai giya 3, akwai mai 7 da mai 8, kuma ido ya fi zuwa kan mai 8. To amma ta fi nauyi da tsada, ran da ta lalace kuwa da wuya mai gyaran unguwa ya samu kayanta. Sai keken ya koma jingine a zaure.

Mai 3 ba ta da tarkace da yawa a ciki, tsarin kuma tsoho ne: Sturmey-Archer ta fara ƙera irinta a Ingila tun 1902. Garuruwanmu ba su da hawa mai tsanani, uku ta isa.

Aibinta shi ne faci, domin kwance ƙafar baya na cin lokaci, ga ƙaya ko'ina. Mai saye ya fara tambayar mai gyaransa ko ya taɓa kwance irinta, kafin ya biya ko dala.