Malafa, Waƙa da Ran Zabiya

A shekarar 1981 wata ƙungiyar yaƙi da ciwon daji a Ostareliya ta fitar da ɗan katun a talabijin. Wani tsuntsun bakin teku ne mai suna Sid, yana rawa yana waƙa, yana jan hankalin mutane su sa riga da hula, su shafa man kariya kafin su shiga rana. Ƙasar na cikin waɗanda ciwon dajin fata ya fi addaba a duniya, kuma yaran da suka haddace waƙar su ne iyayen da yau ba sa barin ɗa ya fita wasa kai ba hula. Mai zane da mawaƙi sun isar da saƙon likita har cikin ɗaki.

A nan gida, zabaya ne wannan ciwo ya fi yi wa illa. Fatarsu ba ta da isasshen sinadarin melanin da ke tare zafin rana. Duk da haka ana tura yaro zabiya kiwo ko talla da tsakar rana. Fatar ta ƙone, ta yi ɓawo, a hankali gyambo ya fito a kunne ko wuya ko leɓe ya ƙi warkewa. Sai a ce jifa ne, a yi ta jiƙe-jiƙe, ba za a je asibiti ba sai aski ya zo gaban goshi.

Mai baƙar fata ma bai tsira ba. Bob Marley ya rasu a 1981 yana da shekara 36, kuma ciwon ya faro ne daga ƙarƙashin farcen yatsar ƙafarsa.

Salif Keita, mawaƙin Mali wanda shi kansa zabiya ne, ya nuna hanya. Ya kafa gidauniya don zabaya, ya kuma sadaukar musu da kundin waƙoƙinsa na 2009, La Différence. Ina namu? Muna da 'yan fim da mawaƙa da marubutan littattafan soyayya da masu zanen bayan mota, waɗanda jama'a ke saurare fiye da kowane likita. Amma sau nawa aka sa zabiya a wasa ba don a yi dariyar kamanninsa ba?

Ba dogon wa'azi ake nema ba. A nuna uwa tana ɗora wa ɗanta malafa da riga mai dogon hannu. A nuna malami ya zaunar da ɗalibi a inuwa. A nuna gyambon da aka kai asibiti da wuri, aka cire, mai shi ya rayu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni a matsayin ranar zabaya. Kafin ta zagayo, masu fasaharmu su fito da aiki ko guda ɗaya ne. Baiwa amana ce, kuma za a tambayi mai ita inda ya kashe ta.