Sun Bar Gida, Gida Bai Bar Su Ba: Kira Kan Mutanen Bama

Ranar Juma'a ce, 28 ga Maris na 2025, Juma'ar ƙarshe a watan azumi. A birnin Mandalay da garin Sagaing na ƙasar Myanmar, wadda kakanninmu suka sani da suna Bama, rana ta take tsaka, wasu masallata na alwala, wasu sun riga sun zauna a sahu. Sai ƙasa ta girgiza da ƙarfin maki 7.7. Masallatai suka rufta kan masu ibada, ɗaruruwa suka cika da azumi a bakinsu. Gidajen ibadar mabiya addinin Buda suka zube kan malamansu da almajiransu. Tsohuwar gadar Ava ta karye ta faɗa kogin Irrawaddy. Ko a lissafin sojojin da ke mulkin ƙasar, mamatan sun haura 3,700.

Da yawa daga masallatan nan tsofaffin gine-gine ne da aka yi shekara da shekaru ana neman izinin gyara su, hukuma tana hanawa. Da suka faɗi, maƙwabta ne suka yi ta tonon ɓaraguzai da hannu da shebur. Gwamnati fa? Da baki ta roƙi duniya taimako, amma jiragen yaƙinta ba su daina zuba wa ƙauyuka bama-bamai ba. Hatta ayarin motocin agaji na ƙungiyar Red Cross ta China sai da sojoji suka tare shi da harbi.

Jama'a, a wannan daren akwai mutanen da barci bai ga idonsu ba, alhali ƙasar da suke kai ba ta motsa ba. Mai ɓare jatan lande a masana'antun Tailan, mai aikin jinya a Singafo, leburan gini a Malesiya, ɗalibi a Tokyo, mai aikin masana'anta a Fort Wayne ta Amurka: kowa waya a hannu, ana neman uwa, ana neman ƙane. Kafin gari ya waye sun fara karo-karo. A kwanakin da suka biyo baya mata suka ɗora tukwanen mohinga, miyar kifi da taliyar shinkafa da suke karyawa da ita a gida, suka sayar a harabar wuraren ibada da zaurukan taro. Kuɗin ya bi hanyar amana da suke kira hundi: ka ba ɗan kasuwa a Bangkok, abokin cinikinsa ya biya a Mandalay. Daga nan ya zama ruwan sha, da tamfol, da magani, da likkafani.

Bahaushe ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mutanen Bama sun fi shekara talatin suna ƙaryata wannan karin magana, kuma saboda su na ɗaga murya yau.

Ba yau aka fara ba. Tun 1962 da Janar Ne Win ya ƙwace mulki, sojoji suka zauna a wuyan ƙasar. Ranar 8 ga Agusta na 1988 ɗalibai da talakawa suka cika tituna, aka buɗe musu wuta, dubbai suka mutu, dubbai suka tsere daji zuwa iyakar Tailan. Cikin waɗanda suka tsere akwai wata matashiyar likita, Cynthia Maung. A 1989 ta buɗe ɗan asibiti a wani gidan katako a garin Mae Sot. Wannan shi ne asibitin Mae Tao, inda 'yan gudun hijira da 'yan ci-rani ke haihuwa, ake ɗinke musu rauni, ake sa wa wanda nakiya ta cire wa ƙafa ƙafar roba. A 1990 jam'iyyar NLD ta Aung San Suu Kyi ta lashe zaɓe, sojoji suka ƙi miƙa mulki, suka toshe bakin jaridu. Sai 'yan gudun hijira suka buɗe gidan rediyon Democratic Voice of Burma a birnin Oslo a 1992, wasu suka kafa jaridar The Irrawaddy a Tailan, wasu suka kafa Mizzima a Indiya. A shekarar 2000 tsofaffin fursunonin siyasa suka kafa ƙungiyar AAPP a Mae Sot, aikinta rubuta sunan duk wanda aka kama da duk wanda aka kashe, ɗaya bayan ɗaya, don kada a wayi gari azzalumi ya ce ba a yi ba.

Wanda ke son sanin dalilin da ya sa mutanen nan ba sa yarda agaji ya bi ta hannun soja, ya tuna guguwar Nargis. A farkon Mayu na 2008 ta afka wa yankin da kogin Irrawaddy ke shiga teku, inda ake noman shinkafar ƙasar. Kimanin mutum 138,000 suka mutu ko suka ɓace. Jiragen ruwan Amurka da Faransa suka tsaya a teku maƙare da kayan agaji, gwamnatin Janar Than Shwe ta hana su sauke kaya, ta yi ta jan ƙafa wajen ba ma'aikatan agaji biza. Gawawwaki na yawo kan ruwa, ita kuwa ta shirya ƙuri'ar raba gardama kan tsarin mulkin da zai ɗore da ikon soja. Shahararren ɗan wasan barkwanci Zarganar ya tara ɗaruruwan 'yan sa-kai suka kai wa ƙauyuka abinci, ya kuma gaya wa 'yan jaridar waje abin da idonsa ya gani. Sakamakonsa hukuncin ɗaurin shekara 59, sai a 2011 aka sake shi. A 2023, bayan guguwar Mocha ta ragargaza jihar Rakhine, sojoji suka sake dakatar da izinin kai agaji. Sau nawa za a ba kura ajiyar nama kafin a gane halinta?

Ranar 1 ga Fabrairu na 2021 Janar Min Aung Hlaing ya kifar da gwamnatin da jama'a suka zaɓa watanni uku kacal kafin nan. Likitoci da malaman makaranta da ma'aikatan jirgin ƙasa suka ajiye aiki. Kullum ƙarfe takwas na dare mutane suka riƙa fitowa ƙofar gida suna kaɗa tukwane da kwanoni, abin da a al'adarsu ake yi don korar mugayen iskoki. Aka amsa musu da harsashi. Kyal Sin, yarinya 'yar shekara 19, an harbe ta a kai a Mandalay ranar 3 ga Maris. Ranar 27 ga wannan watan, ranar bikin sojoji, an kashe fiye da mutum 100 a yini guda. A Afrilun 2023 jirgin yaƙi ya jefa bam kan taron jama'a a ƙauyen Pazigyi, mutum sama da 160 suka hallaka, har da yara ƙanana.

Su wa suka ciyar da iyalan ma'aikatan da suka bar albashinsu don ƙin bauta wa juyin mulki? Na waje. Su wa suka tsaya cikin sanyi da ruwan sama a ƙofar ofisoshin jakadanci, yatsu uku a sama, alamar ƙin mulkin soja? Na waje. Jakadan ƙasar a Majalisar Ɗinkin Duniya, Kyaw Moe Tun, ya tsaya gaban babban zauren ya juya wa janar-janar baya. Da gwamnatin haɗin kan ƙasa ta 'yan adawa, NUG, ta fitar da takardun lamuni marasa kuɗin ruwa a Nuwamban 2021, an sayi na fiye da dala miliyan 6 a rana ta farko. 'Yan ƙasar da ke waje da abokansu suka matsa wa kamfanonin da ke zuba wa sojoji kuɗin iskar gas, har Total da Chevron suka sanar a Janairun 2022 cewa za su fice. Sojojin sun ji zafin wannan hannu mai nisa. Shi ya sa suka soke fasfo ɗin wasu, suka ƙwace gidajen wasu, suka kuma tilasta wa ma'aikatan da ke ƙetare aiko kashi 25 cikin 100 na albashinsu ta bankunan da gwamnati ta amince da su.

Na san abin da ke ran wani mai karatu. Zai ce: ba su ne suka kori Rohingya ba? Tambaya ce mai nauyi, ba kuma za a share ta ba. Dokar 1982 ta raba Rohingya, Musulmin jihar Rakhine, da zama 'yan ƙasa. Daga Agustan 2017 sojoji suka ƙona ƙauyukansu, fiye da mutum 700,000 suka tsallaka Bangaladash. Mutanen ƙasar da yawa sun yi shiru, wasu sun yi tafi, Aung San Suu Kyi da kanta ta je Kotun Duniya a birnin Hague a 2019 ta kare sojojin. Wannan tabo ne. Amma ku dubi wanda ya jagoranci rundunar a 2017, ku dubi wanda ya yi juyin mulki a 2021: mutum ɗaya ne. Takalmin da ya taka Musulmin Rakhine shi ya taka Kiristocin Chin da Kachin da Karenni, shi ya taka mabiya Buda na Sagaing. Bayan juyin mulkin an ga matasa a titi ɗauke da alluna suna neman gafarar Rohingya, NUG kuma ta yi alkawarin ba su 'yancin zama 'yan ƙasa. Alkawari ne da ya wajaba a riƙe su da shi. Su ma Rohingya na waje ba su naɗe hannu ba: ƙungiyarsu ta Ingila ce ta kai ƙara kotun Ajantina a 2019. A wannan shekarar kuma 'yar ƙaramar ƙasarmu ta Yammacin Afirka, Gambiya, ta maka Myanmar a Kotun Duniya kan zargin kisan ƙare dangi.

Wani kuma zai ce namu ma ya ishe mu. Gaskiya ne, muna da 'yan gudun hijirarmu, muna da zawarawanmu da marayunmu. A Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwan Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri, a wannan watan ne ambaliyar guguwar Yagi ta cinye garuruwan Myanmar. Wanda ya taɓa kwana kan rufi yana jiran kwalekwale ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane kukan ɗan uwansa.

Ban da haka, akwai bashi a kanmu. A Yaƙin Duniya na Biyu dubban 'ya'yan Yammacin Afirka, cikinsu har da Hausawa masu yawa, sun yi yaƙi a dazukan Bama ƙarƙashin runduna ta 81 da ta 82. Sunayen barikokinmu shaida ne: Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Burma Camp a Akra. A 1944 Japanawa suka yi wa wata tawaga kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan. Wani matashin sojan Najeriya, Isaac Fadoyebo, ya samu mummunan rauni a ƙafa, aka bar shi a daji shi da David Kargbo ɗan Saliyo. Wani manomi Musulmin Rakhine mai suna Shuyiman ya ɗauke su ya ɓoye a gidansa wata da watanni, yana ciyar da su, ya san sarai in Japanawa suka gano kashe shi za su yi. Bai san garinsu ba, ba su haɗa addini ba, bai jira lada daga kowa ba. Jikokin mutane irinsa ne yau ke kwance a tantunan Cox's Bazar da ke Bangaladash.

To, jama'a, ga abin da nake roƙo.

Limamai da malaman makaranta, masu gabatar da shirye-shirye a rediyo, matasa masu riƙe da waya: ku san labarin nan, ku ba da shi da Hausa. Azzalumi ya fi son duhu, shi ya sa yake yanke intanet yana ɗaure 'yan jarida. Amma ku ba da shi daidai. Kada ku yaɗa hoton da ba ku tantance ba, kada kuma ku mai da shi gaba da mabiya wani addini, domin rikicin tsakanin masu bindiga ne da talakawan da suka ƙi durƙusawa.

Masu hali, kiran nan na abinci ne da magani da makaranta. Kafin ku ba da, ku tambaya: ta hannun wa zai bi, wa zai karɓa, wa zai ba da bayanin yadda aka kashe? Ku nemi ƙungiyoyin da ke aiki kai tsaye da 'yan sa-kai na cikin gida da asibitocin kan iyaka, da masu hidima a sansanonin Bangaladash.

'Yan uwanmu mazauna ƙetare, ku ne mafi kusa. A Makka kuna maƙwabtaka da mutanen Bama tun zamanin kakanni. A Landan, a Kuala Lumpur, a biranen Amurka, kuna haɗuwa da su a masallaci, a jami'a, a wurin aiki. In sun yi taron tara gudummawa, ku je, ku sayi kwanon mohinga ɗaya. Zumunta a ƙafa take. Ku kuma lura da yadda suke tara sisi da kwabo su riƙe asibiti da gidan rediyo shekara talatin, domin akwai darasi a ciki.

'Yan majalisa da 'yan jarida da ƙungiyoyin fararen hula, ku tambayi gwamnatocinmu inda suka tsaya. Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da Sudan duk mambobin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ne. Su mara wa Gambiya baya a fili. Tun Yunin 2021 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi a daina kai wa Myanmar makamai. Su goyi bayan a toshe makaman da man jiragen da ake kashe yara da su.

Wanda ba shi da ko ɗaya daga waɗannan, yana da bakin addu'a, kuma ba a raina ta.

Shuyiman ya buɗe ƙofarsa ga baƙon da ya zo daga ƙasarmu jina-jina, a lokacin da buɗe ƙofar ke iya cin ransa. Mu ba a nemi ranmu ba. Murya aka nema, da ɗan abin da hannu ya iya, da tsayawa kan gaskiya. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza; nasu ya shekara tamanin a wurinmu. Ku tashi, jama'a, mu mayar da biki.