Sai Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

A zamanin nan an ƙago wata dabara da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wato a koya wa kwamfuta yin nazari da ba da shawara kamar mutum. Wannan dabara ta shiga asibitoci, kuma ra'ayin nas-nas ya rabu biyu game da ita. Waɗansu na murna, waɗansu kuwa na ɗari-ɗari. A ganina kowane ɓangare yana da hujja, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne kada nas ta bar na'ura ta yi mata tunani.

Masu murna ba su yi laifi ba. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a yi amfani da kwamfuta wajen duba hoton ƙirji don gano tarin fuka ga masu shekara 15 zuwa sama. Wannan ba ƙaramin taimako ba ne a ƙasa irin tamu, inda likitoci ba su wadata ba.

To, amma masu ɗari-ɗari ma ba banza suke yi ba. A Amurka akwai wata na'ura da kamfanin Epic ya shirya don ta yi gargaɗi idan cuta ta fara shiga jinin majinyaci. Da masana na Jami'ar Michigan suka bincika, sai suka bayyana a 2021 cewa cikin masu ciwon nan kashi 67 bisa ɗari na'urar ba ta gane su ba. Ga shi kuma ta yi ta gargaɗi a kan mutane da yawa waɗanda ba su da ciwon. A watan Afrilu na 2024 har nas-nas suka yi zanga-zanga a birnin San Francisco, suna neman a riƙa jin ra'ayinsu kafin a kawo irin waɗannan na'urori.

Abin lura a nan shi ne, na'ura ba ta san kome ba sai abin da aka zuba mata. Nas kuwa tana tsaye a bakin gado. Ita ke ganin yadda yaro yake numfashi, ta taɓa jikinsa, ta ji uwarsa na cewa tun asuba ya ƙi nono. Idan na'ura ta ce lafiya, amma idonta ya ce akwai damuwa, wajibi ne ta iya kawo dalilinta, ta kira likita. Wadda ba ta saba tunani da kanta ba, ina za ta iya haka? Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa cikinmu muna fatan shiga makarantar koyon aikin jinya. Tun da ChatGPT ya fito a 2022, waɗansu sun mayar da shi mai yi musu aikin gida lokacin hutu. Wanda ya saba kwafe amsa a yau, gobe haka zai kwafe ta a kan ran mutum. Iyayenmu kuma, muna roƙonku ku riƙa tambayarmu yadda muka sami amsa, ba amsar kaɗai ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.