Littafi Mai Tsarki a Cikin Waya

A shekarar 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Wusasa ya taka babbar rawa a ciki. Daga nan Hausa ta ƙara kankama a majami'un Filato, Kudancin Kaduna da ƙasar Tangale, har a bakin waɗanda ba ita suka sha a nono ba. Yanzu kuma waya ta shigo. Manhajar YouVersion, wadda wata majami'a a Oklahoma ta Amurka ta fitar a 2008, tana ɗauke da nassi cikin harsuna fiye da 2,000, kyauta. Dattawa suna gunaguni cewa matasa sun daina riƙo littafi zuwa sujada, kuma wanda ya sunkuya a kan waya, wa ya san ko Zabura yake dubawa ko WhatsApp? Da gaskiyarsu. Amma ni ribar da na hango tana wajen ƙananan harsuna. Ko an buga fassarar Berom ko Ngas, da yawan masu harshen ba sa iya karanta ta, domin makaranta Turanci ta koya musu, majami'a kuma Hausa. Waya tana da murya. Tsohuwar da ba ta taɓa zaman aji ba tana iya sauraron Bisharar Luka da harshen iyayenta tana ɓarar gyaɗa. Kuɗin data da wahalar caji ne cikas, shi ya sa a ƙauye sauti a katin memori ya fi manhaja amfani.